Cin abinci a hannun makafi da kurame a ƙasar baƙunci: girmamawa ce ko kallo?

Bafataken Zengo:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Yau kwanana tara da dawowa gida Damagaram, amma akwai abu guda da na gani a wannan tafiya wanda ya ƙi barin raina, shi ya sa na ga ya dace in kawo shi gabanku. Ana gobe zan baro Faris, ɗan wana da ke karatu a can ya kai ni wani gidan abinci inda ake ci a cikin duhu, kuma duk masu hidimar kai abinci makafi ne. Tun a zaure aka ce mu zuba wayoyinmu da agogo da duk wani abu mai ba da haske a cikin akwati mu kulle, aka tambaye mu abin da ba ma ci, sa'an nan wani makaho ya fito ya faɗa mana sunansa, ya ce yaron ya dafa kafaɗarsa, ni kuma in dafa ta yaron. Haka muka bi labule bayan labule har haske ya ƙare ƙaf. Wannan duhu ya fi na daren da aka ɗauke kuran, domin a nan gida ko babu farin wata akwai taurari da fitilar mai shayi, a can kuwa ko tafin hannunka ba ka gani.

Shekarata 52 ina ganin yaro yana jan makaho da sanda a kasuwar Dole, sai ga shi a wannan dare makaho ne ɗan jagorana. Shi ya ɗora hannuna a kan kujera, shi ya nuna mini inda kofi yake, kuma ya koya mini in sa yatsa a bakin kofin idan ina zuba ruwa don in ji lokacin da ya kusa cika. Na yi fama da wuƙa da cokali mai yatsu, ina kai cokali baki babu komai a kansa, har na tuna cewa ni Bahaushe ne, na ajiye su na sa hannu, nan take abinci ya daidaita. Bayan mun fito aka nuna mana hoton abin da muka ci, ashe abin da na rantse dankali ne ba shi ba ne.

Na ji daɗin daren, ba zan ɓoye ba. Sai dai tun a jirgi nake tambayar kaina ko abin da na yi girmama mutanen nan ne, ko kuwa na biya kuɗi ne na yi wasa da lalurar da su ba sa iya ajiyewa idan sun tashi aiki.

Ɗan Garin Malam:
Wa alaikumus salam. Barka da sauka, Alhaji. Da ka yi shawara da mu kafin ka tafi, da mun rage maka asara, domin a watan Afrilu babu gidan da ba a cin tuwo a duhu a garin nan, kuma ba a karɓar ko dala. A ganina wannan ciniki ne na mutanen da haske ya yi wa yawa, kuma makafin kayan talla ne kawai aka mayar da su.

Malam na Birni:
Alhaji, sannu da hanya, Allah ya sa an dawo a sa'a. Kafin a kai ga tambayarka akwai wadda ta riga ta a wurina. Musulmi yana ƙasar da ake cin naman alade, ana dafa miya da giya, yaya zai kai loma bakinsa alhali bai ga abin da ke cikin faranti ba, kuma an ce ba za a faɗa masa ba sai ya gama? Hadisi ya umarce mu mu bar abin da muke kokwanto mu koma ga abin da ba ma kokwanto. Na biyu, na ji ana cewa a irin waɗannan wurare ana zaunar da baƙi a dogon teburi guda, maza da mata, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, ga kuma dafa kafaɗa. Wannan ma abin dubawa ne ga wanda zai je da iyalinsa.

Game da hidimar makaho kuwa, ban ga aibu a cikinta ba ko kaɗan. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, yana kiran salla tare da Bilal, Annabi (SAW) ya sha barinsa a matsayin wakili a Madina idan zai fita, kuma a kansa farkon suratu Abasa ya sauka. Al'ummar da aka karantar da wannan ba ta da hujjar ganin makaho bai cancanci a danƙa masa aiki ba.

Bafataken Zengo:
Allah ya gafarta Malam, wannan kokwanto ni ma na shiga da shi. Abin da aka ɓoye mana shi ne sunan girkin da kayan haɗinsa, amma tun a zaure suna rubuta abin da mutum ba ya ci, saboda akwai waɗanda wani abincin ke tayar musu da ciwo. Na ce ba na cin nama kowane iri, ba na shan giya, kuma kada a sa ta a girki, aka ba ni kifi da ganye. Daga nan sai amana, kuma idan muka faɗi gaskiya, ko a gidan abinci mai fitila ɗari ba na shiga madafa in ga abin da aka zuba a tukunya. Maganar zama kuwa gaskiyarka ce, muna jin muryoyin wasu kusa da mu, don haka mai zuwa da iyali ya nemi a jera su wuri guda, ya kuma tsara wanda zai dafa wa.

Mushe Ɗan Mirya:
Ina so in gyara wa ƙanena Ɗan Garin Malam abu guda, domin asalin wannan al'amari ba daga masu ido ya fito ba. Gidan abincin duhu na farko da ya zauna da gindinsa shi ne Blindekuh a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, wanda aka buɗe a 1999, kuma cikin waɗanda suka kafa shi akwai wani limamin coci makaho mai suna Jürg Spielmann. Sunan da Jamusanci yana nufin makauniyar saniya, wato abin da suke kiran wasan yara na ɗaure ido. Daga nan abin ya bazu, aka buɗe Unsicht-Bar a Jamus, aka buɗe Dans le Noir a Faris a 2004 da Landan a 2006, sai O.Noir a Kanada. Dalilin ɗaukar makafi a wurin kuwa ba tausayi ba ne, larurar aikin ce ta kawo shi. Mai ido ba zai iya ɗaukar faranti uku ya ratsa tsakanin kujeru a baƙin duhu ya ajiye kowanne a gaban mai shi ba, alhali makaho ya riƙe taswirar ɗakin a kansa, yana gane mutum da muryarsa da inda ya zauna. A wannan ɗaki shi ne gwani, kuma ana biyan gwani ne saboda gwanintarsa.

Gidajen da kurame ke hidima su ma suna da nasu tarihin. A Faris ɗin an buɗe Café Signes a 2003, a Gaza ƙungiyar Atfaluna mai kula da yara kurame ta buɗe nata a 2012, kamfanin Starbucks kuma ya buɗe shagon da ake ciniki da maganar hannu a Kwala Lamfur a 2016, ya ƙara wani a Washinton a 2018, kusa da jami'ar kurame ta Gallaudet.

Uwar Biyu:
Tunda Mushe ya taɓo kurame, bari in faɗi abin da na gani da idona. Bara na raka maigida Mumbai aka yi masa aikin gwiwa, muka yi mako biyar. Ni ba na jin Indiyanci, ba na jin Ingilishi, Faransancin da na taso da shi kuwa babu wanda ya san da zamansa a can. Kullum idan na fita neman abinci sai in tsaya kamar gunki, mai shago yana ta ɗaga murya, shi a ganinsa ƙarfin murya zai sa in fahimta, ni kuma in koma masauki da abin da ban nema ba. Wata rana wata ƴar Kano da muka haɗu a asibiti ta kai ni wani wuri a unguwar Powai mai suna Mirchi & Mime, inda masu hidima kurame ne. A takardar jerin abincin an zana alamar hannu da za ka yi, kana nuna abin da kake so, kana nuna adadi da yatsu.

Wallahi a duk zamana a Indiya ban taɓa sayen abinci cikin kwanciyar rai kamar ranar ba. Yarinyar da ta yi mana hidima ba ta ƙosa da ni ba, domin ita duk wanda ya shigo sai ya koyi magana da ita daga farko, Ba'indiye ne ko Bahaushiya. Na nuna mata bakina na yi fifita da hannu don ta gane ba na son yaji da yawa, ta yi dariya, ta nuna mini yadda su suke faɗar haka. Saboda haka ni dai ban ji ina kallon kowa ba. Ni ce bebiyar garin tun da na sauka, a wurinta ne kawai aka saurare ni.

Telan Sabon Gari:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ni kurma ne, sanƙarau ya tafi da jina ina ɗan shekara 8, na yi makarantar kurame, yanzu ina ɗinki. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban sa baki ba, amma wannan magana tamu ce.

Da farko ina roƙo a daina haɗa mu da makafi a kwando guda kamar lalurarmu ɗaya ce. Gidan abincin makafi sai an kashe fitila, namu kuwa sai an ƙara ta, domin da ido muke ji. Idan aka sa ni a ɗakin da Alhaji ya shiga, an raba ni da duniya gaba ɗaya, ko jagoran ba zan san yana mini magana ba. Kuma a wurinmu babu wanda ake toshe wa kunne don ya ɗanɗana kurumta. Abin da ke faruwa shi ne baƙo ya shigo inda ake wani harshe, ya ari kalma biyar ko shida ya biya buƙatarsa, kamar yadda Bahaushe ke yi idan ya sauka garin da ba a jin Hausa. Shi ya sa abin da Inna Uwar Biyu ta faɗa ya yi mini daɗi, ko da yake ina roƙonta a rage kiran bebe, domin yawancinmu muryarmu lafiya lau take, ji ne babu.

Na biyu, kada matafiyi ya ɗauka maganar hannu iri ɗaya ce a duniya. Sun fi 300. Ta Indiya dabam, ta Faransa dabam, har Ingila da Amurka da suke Turanci ɗaya kuramensu ba harshe ɗaya suke yi ba. Wadda ake koyarwa a makarantunmu tushenta na Amurka ne, saboda wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, Andrew Foster, wanda ya fara buɗe makaranta a Gana a 1957, ya kuma kafa sama da 30 a ƙasashen Afirka 13 kafin rasuwarsa a haɗarin jirgi a Ruwanda a 1987. Ban da ita akwai tamu ta gado, maganar hannun ƙasar Hausa, wadda na fi jin daɗinta idan na je Kano sarin yadi na zauna da dattawan kurame.

Ga wanda zai shiga irin wannan wuri, ladabin kaɗan ne. Kada ka yi ihu, kada ka rufe bakinka ko ka juya baya kana magana, ka dubi fuskar mai hidimar ba ta wanda ke fassara ba. Idan kana son kiransa ka ɗaga hannu inda zai gani ko ka taɓa kafaɗarsa a hankali, kada ka jefe shi da wani abu kamar yadda ake mana a kasuwa. Idan alama ta gagara, ka rubuta a takarda ko a waya, wannan ba abin kunya ba ne a wurinmu.

Baba Mai Igiya:
Jikanyata ce ke karanta mini abin da kuke rubutawa, ita ce kuma ke rubuta wannan da bakina. Ƙyanda ta rufe mini ido ina yaro ƙarami, yau na haura 60, da tufkar igiya na aurar da ƴaƴa huɗu.

Alhaji, tambayarka ta mai hankali ce, zan ba ka amsa ba tare da na saya maka rai ba. Abin da ka ɗanɗana a awa biyun nan ba makanta ba ce, ranar farko ta makanta ce, ranar firgita da laluben bango. Ni na baro wannan rana fiye da shekara 50. Ina sanin shigowar maƙwabcina da takun takalminsa, ina gane jikata ta ƙara gishiri tun daga ƙofa, ina zuwa masallaci in dawo babu mai riƙe mini sanda. Tsorona shi ne mai ido ya fito daga wannan ɗaki yana cewa, Allah sarki, ashe haka bayin Allahn nan ke fama, ya ƙara tausayi a kan wanda yake da shi. Tausayi kuwa mun sha shi har ya gundure mu, sadaka yake kawowa ranar Juma'a, ba ya kawo aiki ranar Litinin. Idan kuwa abin da ka fito da shi shi ne cewa wani mutum ya iya abin da kai ka kasa, ya riƙe ka bai bari ka yi tuntuɓe ba, to kuɗinka bai faɗi a banza ba.

Ana cewa a garin makafi mai ido ɗaya ne sarki. Wanda ya yi wannan karin magana bai taɓa shiga ɗakin da ka shiga ba, ka ga ku masu ido bibbiyu ma sai da aka jera ku kamar raƙuman azalai.

Amma ni ma ina da tambaya, kuma ita ce ta fi damuna. Wannan bawan Allah da ya yi maka hidima, idan ya je gidan abincin da ke maƙwabtaka da su, mai fitila a kunne, ya ce a ɗauke shi aiki, za a ɗauke shi? Idan sai an kashe wa kowa fitila ake yarda makaho ya iya wani abu, to da sauran tafiya. Ɗana na Garin Malam ya yi ba'a, amma akwai ƙashin gaskiya a cikin ba'arsa.

Bafataken Zengo:
Baba, na karanta saƙonka sau uku. Gaskiya da tausayin na fito, har na so in cusa masa kuɗi a hannu a ɓoye kamar yadda muke yi a ƙofar masallaci, yaron ya hana ni, ya ce a nan ana barin tukuici ne a wurin biya kamar kowane gidan abinci. A lokacin na ga kamar rowa ce irin tasu. Amsar tambayarka kuwa, ina jin ba za a ɗauke shi ba, kuma ni kaina ban taɓa tunanin sa makaho ko kurma a shagona na Zengo ba, alhali ina da yara shida a ciki.

Ɗalibar Jami'a:
Ina neman izinin iyayena in ƙara abu guda a kan tambayar Baba. Idan matafiyi yana son ya bambance wurin da ke girmama ma'aikatansa da wanda ke talla da su, ya duba wane ne mai wurin, kuma wane matsayi suke riƙewa. A yawancin gidajen duhu madafa a haske take kuma masu girkin suna gani, makafi suna ɓangaren hidima ne. A ɓangaren kurame an ɗan fi nisa, domin Mozzeria da aka buɗe a San Faransisko a 2011 mata da miji kurame ne suka kafa shi, haka nan 1000 & 1 Signes na Faris, mai abincin Maroko, kurma ne ya kafa shi. Sa'an nan sabon abu ba ya riƙe ciniki shi kaɗai. Signs na Toronto ya buɗe a 2014, jaridu suka yi ta yayata shi, amma ya rufe a 2016. Mutum zai je sau ɗaya don mamaki, ba zai koma na biyu ba sai abincin ya yi daɗi.

Mu kuma a nan ba doka muka rasa ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma dokarmu ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a manyan ma'aikatu. Kowa a cikinmu yana iya leƙa inda yake aiki ya ƙirga da kansa.

Malam na Birni:
Na gamsu da bayanin Alhaji game da abincin, matuƙar mutum ya bayyana sharaɗinsa tun farko kuma ya tsaya a kan kifi da ganye. Ni dai a karan kaina ba zan shiga na duhun ba, saboda cakuɗuwar da na ambata, amma ba zan ce wanda ya shiga da kiyayewa ya yi laifi ba. Na kuramen kuwa ban ga abin tsayawa a kansa ba. Maganar Baba ta fi tawa nauyi a wannan zama, domin mun iya kawo labarin ɗan Ummu Maktum a wa'azi, amma masallatai nawa ne a garin nan suka ba makaho ladanci da albashi?

Hajiya Mai Tuwo:
Ni ban je Faris ba, ban je Indiya ba, iyakata Makka da Kano. Ina da rumfar abinci kusa da tasha, kuma yara biyu sun bar ni a watan nan, ɗaya ta yi aure, ɗaya ya tafi Libiya. Fitila kam ba zan kashe ba, direbobi za su gudu da faranti na. Amma ɗana tela, idan a cikin ƴan uwanka akwai yarinya ko yaro mai tsabta da zai iya zuba abinci da karɓar kuɗi, ina so in gwada. Abin da nake tsoro shi ne masu saye, domin mutanen tasha ba su da haƙuri, daga nesa suke ƙwala kira, kuma rabinsu ba sa karatu.

Telan Sabon Gari:
Hajiya, akwai su, har da wadda ta taɓa aikin abinci a gidan biki. Matsalar masu saye tana da sauƙi idan aka shirya mata. A ɗauki hoton kowane abinci, tuwo da shinkafa da wake da dambu da taliya, a manna a allo da kuɗinsa a ƙasa, mai saye ya nuna da yatsa ya nuna na nawa yake so, wannan ko wanda bai taɓa shiga makaranta ba zai iya. A sa ta inda take fuskantar masu shigowa, kada a sa ta ta ba ƙofa baya, kuma da dare a ƙara fitila a wajen. Zan zo in koya miki da sauran yaran alamu kamar 20, na ruwa da miya da nama da ƙari da canji da sauransu, kwana uku sun isa. Sharaɗina guda ne, a biya ta daidai da abin da ake biyan wadda ta yi auren, kuma a hannunta za a ba ta, ba a hannun wani nata ba.

Hajiya Mai Tuwo:
Na yarda da sharaɗin. Kada ku zo ranar Alhamis, ranar kasuwa ce ba na samun sararin ko gaisawa. Ku zo Asabar bayan la'asar, ka taho da ita da mahaifiyarta mu ga juna. Alhaji, tunda kai ka tayar da maganar, kuɗin wanke hotuna da allon a wuyanka yake.

Bafataken Zengo:
Na ɗauka, Hajiya. Tela, idan kun gama da rumfar Hajiya ka biyo ta shago, ina son mu yi magana a kan mai auna yadi.